Mai na'ura shi ke raɗa wa duwatsun sama suna

Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029, in Allah ya kai mu, wani dutse mai faɗin mita wajen 340 zai gifta ta gefen duniyar nan, tazarar kilomita 32,000 kawai tsakaninsa da ƙasa, wato ya fi taurarin ɗan'adam masu kawo tashoshin talabijin kusa da mu, kuma mutane da yawa za su gan shi da idonsu ba tare da wata na'ura ba yana ɗan tafiya a hankali kamar tauraron da ya ɓata hanya. Ba zai faɗo mana ba, an yi lissafi an sake yi, tun 2021 masana suka ce a kwantar da hankali na aƙalla shekara 100. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan. A ranar nan duk gidan rediyo da jarida da mai waya a hannu Apophis zai riƙa faɗa, miliyoyin bakuna suna furta suna ɗaya, alhali mutum uku ne kacal suka zaɓe shi, Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi, su ne suka hango dutsen a watan Yunin 2004 daga tashar hangen sama ta Kitt Peak a jihar Arizona ta Amurka. Suka je suka ɗauko sunan wani ƙaton maciji na tatsuniyoyin tsohuwar Masar, Apep, wanda Girkawa ke ce wa Apophis, abokin gabar rana mai neman haɗiye ta kowane dare. In tsoratarwa ake so kam sun iya zaɓe, ban musa ba.

Kafin ya zama Apophis sunansa 2004 MN4, kuma wallahi ranar da na fahimci yadda ake karanta wannan lambar sai da na ji daɗi kamar na tsinci wani abu. 2004 dai shekara ce. M ɗin yana nufin rabin ƙarshe na watan Yuni, domin sun raba shekara gida 24, kowane rabin wata da harafinsa, A farkon Janairu, B ƙarshen Janairu, haka haka, sai dai suna tsallake I don kada a ɗauka lamba 1 ce. N4 kuma layin da dutsen ya shigo ne a cikin wancan rabin watan, an zagaye haruffa 25 sau huɗu sannan aka zo kan N wanda shi ne na 13, ka ga ya zama na 113 ke nan. Wannan lambar ba ta yabon kowa ba ta zagin kowa, gaskiya tsagwaronta take faɗa. Daga nan sai a yi ta bin dutsen shekara da shekaru har a tabbatar da hanyar da yake bi wajen zagaya rana, sannan cibiyar da ke riƙe da rajista a garin Cambridge na jihar Massachusetts ta ba shi lambar dindindin, ta Apophis 99942 ce, to a nan ne wanda ya gano shi yake samun damar shekara 10 ya kawo suna tare da ɗan gajeren bayanin dalili, wani kwamiti na ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ya duba ya amince ko ya ƙi.

Na ɗauki lokaci ina karanta irin waɗannan ƴan bayanan, wani lokaci har dare ya raba, kuma abin da na fahimta shi ne sunan ƙaramar duniya, wato irin waɗannan duwatsun masu zagaya rana, kusan ba ya faɗa maka komai game da ita kanta, girmanta ko da me aka yi ta. Abin da yake faɗa maka shi ne wa ke riƙe da madubin hangen nesa a shekarar, wa yake so, wa yake tsoro, wa ke biyansa albashi. Ra'ayina kuma shi ne wannan tsarin na "wanda ya gani shi ke raɗa suna" ya yi amfaninsa a zamaninsa amma yanzu ya tsufa, ya kamata a buɗe ƙofa ga masu harsunan duniya.

A duba tun farkon abin. Daren 1 ga Janairun 1801 wani limamin coci kuma masanin taurari, Giuseppe Piazzi, yana Palermo a tsibirin Sisili ya hango ƙaramar duniya ta farko. Me ya sa mata? Ceres Ferdinandea. Ceres abar bautar Rumawa ce ta noma wadda ake dangantawa da tsibirin, Ferdinandea kuwa sarkinsa ne Ferdinand, mai gidansa ke nan. Sauran ƙasashen Turai suka ce ba su san wannan ba, aka guntule wutsiyar aka bar Ceres. Ka ga tun dutse na farko an fara fadanci, tun dutse na farko kuma an fara rigima a kai. Sai Pallas a 1802, Juno a 1804, Vesta a 1807, sannan aka yi shiru na shekara 38 kafin wani tsohon ma'aikacin gidan waya a Jamus, Karl Hencke, ya samo Astraea a 1845 bayan ya shafe shekaru yana nema shi kaɗai. Duk sunayen matan tatsuniyar Girka da Rum, kuma ba wanda ya zauna ya rubuta doka cewa sai haka, al'ada ce kawai ta kama.

Ta 12 ita ce ta fi ba ni dariya. A 1850 John Russell Hind ya gano ta a Landan ya sa mata Victoria, daidai lokacin da Sarauniya Victoria ke kan gadon Ingila. Amurkawa suka ce haba Malam, wannan ai sunan sarauniyarka ne, har editan wata mujallar taurari a can, Benjamin Gould, ya ƙi amfani da sunan ya riƙa rubuta Clio. Hind ya murje ido ya ce shi fa abar bautar Rumawa ta nasara yake nufi, ita ma Victoria sunanta. Kowa ya san zancen amma ba yadda za a yi da shi, suna ya zauna. Bayan shekara bakwai ma ba a tsaya ɓoye-ɓoye ba, ta 45 aka sa mata Eugenia kai tsaye, matar Napoleon na uku na Faransa. In kuma namiji ake son karramawa sai a ɗaura masa zane, Alexander von Humboldt ya koma Alexandra, Piazzi kansa da aka kai dutse na 1000 ya koma Piazzia, Gauss ya koma Gaussia, Olbers ya koma Olbersia. Sai a 1898 aka samu sunan namiji sak, Eros, shi ma don ya fita daban ne, hanyarsa tana matsowa kusa da duniya maimakon ya tsaya tsakanin Mars da Jupiter inda sauran suke.

Akwai wani kuskure da nake so ƙwarai a wannan tarihin, ko da yake ba shi da alaƙa da hujjata. Duwatsun da ke tafiya tare da Jupiter gida biyu ne, wasu suna gabanta wasu suna bayanta, sai aka ce na gaba a sa musu sunayen mayaƙan Girka, na baya kuma mayaƙan Troy, kamar sansani biyu na yaƙin nan na tatsuniya. To amma kafin a tsayar da wannan shawarar an riga an sa wa ɗaya Patroclus, Bagirke, a tsakiyar mutanen Troy, an kuma sa wa wani Hektor, jarumin Troy, a tsakiyar Girkawa. Ba a canja suna in an raɗa, don haka har yau suna nan, masana na kiransu ƴan leƙen asiri.

Da aka fara amfani da hoto wajen nema a ƙarshen ƙarni na 19 sai duwatsu suka yi yawa, matan tatsuniya suka ƙare, aka koma kan mata da ƴaƴa da abokai da garuruwa da duk abin da ya faɗo a rai. Karl Reinmuth na Heidelberg, wanda shi kaɗai ya gano kusan 400, har littafin tsirrai ya buɗe ya riƙa kwasar sunayen furanni. Wani abokin aikinsa Gustav Stracke ya roƙi kada a sa wa dutse sunansa, sai Reinmuth ya yi masa dabara, ya jera duwatsu takwas daga 1227 zuwa 1234, Geranium, Scabiosa, Tilia, Riceia, Auricula, Cortusa, Kobresia, Elyna, in ka tsinci harafin farko na kowanne sai ka ga G STRACKE. Irin wannan wasan ba ya ɓata mini rai, akwai ƙauna a ciki. Wanda ya ɗan sosa mini rai shi ne na Johann Palisa na Viyana, gwani ne na gaske, dutse 122 ya gano da idonsa, amma a 1885 yana neman kuɗin tafiya kallon kusufin rana sai ya yi talla cewa zai sayar da damar raɗa suna a kan fam 50. Attajirin nan Albert von Rothschild ya biya, dutse na 250 ya zama Bettina, sunan matarsa. Ban ga laifin Palisa sosai ba, talaucin masu ilimi tsohon ciwo ne, amma da an bar wannan ƙofar a buɗe da yanzu sama ta zama allon talla.

Sai kuma maganar mage. Wani masani James Gibson ya gano dutse a Ajantina a 1971, da ya tashi raɗa suna sai ya sa masa Mr. Spock, kuma ya rubuta ƙarara cewa magensa yake nufi, wadda ta taya shi zaman dare a wurin aiki. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har a 1985 ƙungiyar ta ce daga yanzu ba ta son sunayen dabbobin gida. Ni kam in ka tambaye ni, magen da ta kwana a tashar hangen sama ta fi wasu sarakunan da ke cikin jerin cancanta, amma a bar wannan.

Dokokin da ake bi yanzu ba su da yawa. Suna kada ya wuce harafi 16, an fi son kalma ɗaya, ya zama ana iya furta shi a wani harshe, kada ya zama zagi ko cin fuska, kada ya yi kama da wanda ake da shi, ba sunan talla ko kasuwanci, sannan wanda aka sani da siyasa ko yaƙi sai ya shekara 100 da mutuwa. Wannan ta ƙarshen ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, kuma duk mai ganin ta yi tsauri ya je ya duba abin da aka yi kafin a kafa ta. Dutse na 852 sunansa Wladilena, an harhaɗa shi ne daga sunan Vladimir Lenin, an gano shi a Kirimiya a 1916, Tarayyar Sobiyet ta zo ta wuce an tumɓuke gumakan mutumin a garuruwa da dama an canja wa Leningrad suna, amma dutsen na nan yana zagaya rana da sunansa. Na 1197 kuma Rhodesia, wato Zimbabwe ta yau, ƙasar da aka sa wa sunan Baturen mulkin mallaka Cecil Rhodes, mutanenta sun yi yaƙi sun zubar da jini sun kankare sunan daga taswira a 1980, a sama kuwa ko gezau. Titi ana canja masa suna, filin jirgi ana canja masa, wannan rajistar ba a gogewa. To abin da ba a gogewa ai bai kamata a rubuta shi da zafin kamfen ba. Ka yi tunanin a ce yau an cire wannan dokar, wace gwamnati ce ba za ta aika wa kwamitin nan da jerin sunayen shugabanta da matarsa ba?

Hana sayarwa ma daidai ne, sai dai ƴan damfara sun samu wata hanyar. Wani abokina ya taɓa nuna mini satifiket mai ƙyalli da zanen taurari da hatimi, ya saya a intanet daga wani kamfani, wai an sa wa wani tauraro sunan ƴarsa, har ya sa shi a firam. Na riƙe takardar ina juyawa ina tunanin ko in yi shiru, daga baya na ce masa ɗan'uwa, wannan sunan fa a kwamfutar kamfanin kawai yake, babu masanin taurari ko ɗaya da zai taɓa kiran tauraron da shi, kuma ba abin da zai hana su sayar wa wani gobe. Ya yi shiru, can ya ce to ai yarinyar ta ji daɗi. Ban ƙara cewa komai ba. Amma abin ya nuna mini cewa mutane na da ƙishirwar ganin nasu a sama, har suna biyan kuɗi a kan na bogi, alhali na gaskiyar yana nan jibge ba mai taɓawa.

Na ce jibge, ga lissafin. Ƙananan duniyoyin da aka sani yanzu sun haura miliyan ɗaya, waɗanda aka ba lambar dindindin, wato waɗanda sun isa a raɗa musu suna yau ɗin nan, sun haura 800,000, amma masu suna wajen 25,000 ne kawai. Saura duk lambobi ne. Dalili kuwa a fili yake, yanzu ba mutum ne ke ganowa ba, na'urori ne masu ɗaukar hoton sama duk dare kwamfuta na tacewa. Shirin LINEAR na New Mexico shi kaɗai ya gano sama da 100,000, ga Pan-STARRS a Hawai ga Catalina a Arizona, sannan ga sabuwar tashar Vera Rubin a ƙasar Chile wadda a gwajin farko da aka nuna a Yunin 2025 ta tsinto sababbi sama da 2,000 cikin awa goma da wani abu. To wa ya gano? A zamanin Hencke amsar a bayyane take, mutum ne ya ba da idonsa da barcinsa na shekaru, in ya ce sunan ƴarsa zai sa wa zai hana shi, ladan wahalarsa ne. Amma dutsen da manhaja ta tsinta cikin dubbai a dare ɗaya, wanda babu ɗan'adam ɗin da ya taɓa kallonsa shi kaɗai, a ce har yanzu ikon suna na hannun cibiyar da ta mallaki na'urar, wannan ya zama gādo ne kawai na masu kuɗin gina na'ura. Kuma ƙasashen da ke da irin wannan kuɗin ana iya ƙirga su da yatsu.

Wani zai ce ai akwai sunayen ko'ina a jerin, gaskiya ne akwai. Akwai Avicenna wato Ibn Sina, akwai Al-Biruni, Alhazen, Alsufi, Ulugbek, Omarkhayyam. Akwai Africa, Kenya, Uganda, Mombasa, Somalia, Ethiopia, Luanda, Limpopo, har da Chaka sarkin Zulu. Amma duba wanda ya raɗa. Waɗannan na Afirka kusan duk mutum ɗaya ne, Cyril Jackson, haifaffen Ingila da ke aiki a tashar Johannesburg a shekarun 1930, kamar ya shimfiɗa taswira ne yana bi da yatsa, shi ne ma ya sa Rhodesia ɗin. Ban ce ya yi da mugun nufi ba. Amma akwai bambanci tsakanin a kira sunanka da a ba ka baki ka kira, na farkon kyauta ce da mai ita zai iya bayarwa ko ya hana.

An fara gyarawa, dole in faɗi wannan, kuma inda aka gyara ɗin ne ya sa na tabbata abin zai yiwu. Dutsen da kumbon New Horizons ya gifta ranar 1 ga Janairun 2019, mafi nisa da aka taɓa ziyarta, da farko laƙabin Ultima Thule aka ba shi, sai aka tuna cewa ƴan Nazi sun yi amfani da sunan Thule a tatsuniyarsu ta fifikon jinsi, aka yi ta surutu. Da aka tashi sa na gaskiya sai aka ɗauko Arrokoth daga harshen Powhatan na ƴan asalin yankin da aka yi aikin, aka ce ma'anarsa sama, kuma sai da aka je aka nemi izinin dattawan ƙabilar Pamunkey tukuna. Neman izinin nan shi ne sabon abu. Na Hawai ya fi ma burge ni, can ɗaliban makarantun da ake koyarwa da harshen Hawai aka tara tare da malamansu da masana taurari, aka yi musu bayanin yadda dutsen yake da yadda yake tafiya, su kuma suka shiga tsofaffin waƙoƙin halitta na kakanninsu suka fito da suna. Haka aka samu Kamoʻoalewa, wani ɗan dutse da ke rakiyar duniyarmu yana lilo, kuma sunan na nuni da lilon ne, ka ga a nan sunan ya faɗi wani abu game da dutsen kansa. A watan Mayun 2025 ƙasar Sin ta harba kumbon Tianwen-2 zuwa wurinsa, wato injiniyoyin Sin za su yi shekaru suna furta kalmar da yaran wani tsibiri suka zaɓa daga harshen da ya kusa mutuwa. Haka dutsen Dinkinesh, sunan da Habashawa ke kiran Lucy, daɗaɗɗun ƙasusuwan nan masu kama da na ɗan'adam da aka tono a ƙasarsu a 1974, ma'anarsa da Amharik ke abar mamaki ce, kumbo ya je wurinsa a Nuwamban 2023 ya tarar ashe yana da ɗan wata, aka sa masa Selam, wato salama. A 2021 kuma aka sa wa na 35462 sunan Maram Kaire, masanin taurari ɗan Senegal da ya jagoranci aikin auna inuwar irin waɗannan duwatsun daga ƙasarsa don taimaka wa kumbunan NASA. Shi kam guminsa ne.

Na san abin da masu adawa za su ce, na farko shi ne suna ba komai ba ne, masana da lamba suke aiki. To in ba komai ba ne me ya kawo rigimar Haumea, wata ƙaramar duniya can bayan Neptune? Tawagar Mike Brown a Amurka da tawagar José Luis Ortiz a Sifaniya kowa ya ce shi ya gano ta, aka yi zargin an leƙa bayanan wasu ta intanet, aka shekara uku ana ja-in-ja, a 2008 ƙungiyar ta yi rabon da bai gamsar da kowa ba, ta ɗauki sunan da Amurkawa suka kawo, ta rubuta Sifaniya a matsayin wurin ganowa, gurbin sunan wanda ya gano kuma ta bar shi fanko. Ita kanta lambar ma ana rigima a kanta. A 1999 Brian Marsden, mai riƙe da rajistar a lokacin, ya ba da shawarar a ba Pluto lamba 10000 don girmamawa, aka yi masa ca, wai yana so ya ƙasƙantar da ita. Bayan shekara bakwai a taron Prag na 2006 aka sauke ta daga jerin manyan duniyoyi, ta shiga layi kamar kowa ta karɓi 134340. An ƙi cin biri an ci dila. Dutsen da ya jawo saukewar kuwa Brown ya sa masa Eris, abar bautar Girkawa ta husuma, watansa kuma Dysnomia, rashin bin doka. Mutanen da ke irin wannan zaɓen ba za su ce mini suna ba komai ba ne.

Na biyu, za a ce sunayen za su yi wuyar faɗa. Akwai dutse can bayan Neptune mai lamba 229762, sunansa Gǃkúnǁʼhòmdímà, daga tatsuniyar mutanen Juǀʼhoan na Namibiya, wata kyakkyawar yarinya ce dabgi mai kare danginta, kuma ni ma ban iya faɗarsa ba, akwai ƙyas-ƙyas ɗin harshe a ciki da bakina bai saba ba. Sai me? Mafi yawan mutanen duniya ma ba su iya faɗin sunayen Jamusawa da ƴan Poland da suka cika jerin ba, ba wanda ya ce a cire su. Dokar cewa ta yi a iya furtawa a wani harshe, ba ta ce harshen ƴan kwamiti ba.

Na uku ya fi nauyi a wurina, kuma ba daga masana yake zuwa ba. Mutane masu addini da yawa ba sa jin daɗin yadda aka cika sama da sunayen gumaka, kuma har yanzu doka ce cewa wasu rukunin, kamar na can bayan Neptune, sai an sa musu sunan abin bauta ko gwarzon wata tatsuniyar halitta, shi ya sa ake da Sedna ta mutanen Inuit da Quaoar na Tongva da Makemake na tsibirin Rapa Nui da Gonggong na Sin. Na fahimci wannan damuwar. Amma a ganina ita ma hujja ce ta a buɗe ƙofa, domin al'ummar da ba ta son sa sunan gunki ai tana da kalmomi, sunan iska da ruwa da tsuntsu da kogi da halin kirki, kuma duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupiter, inda mafi yawansu suke, babu mai tilasta musu tatsuniya. Yaro ɗan shekara tara ne fa ya sa wa dutsen Bennu, wanda NASA ta aika wa kumbo, sunan wani tsuntsun tatsuniyar Masar a gasar da aka yi a 2013, cikin shawarwari sama da 8,000, ya ce hannun kumbon da fikafikansa masu karɓar hasken rana sun yi masa kama da wuyan zalɓe da fikafikansa a zanen Misirawa. Ido ne kawai da harshe.

Abin da nake so a yi ba wani mai wahala ba ne. Wanda ya gano da hannunsa, musamman masu yi don sha'awa da ƙananan na'urorinsu, a bar masa shekararsa 10, haƙƙinsa ne. Amma dubun dubatar da manyan na'urori suka kwaso, waɗanda wa'adinsu ya wuce ba wanda ya waiwaye su, a ware wani kaso duk shekara a raba wa harsuna, ba gwamnatoci ba, don in aka ba gwamnati mun san sunan wa za ta kawo. A ba malaman harshe da ɗalibai, a gaya musu girman dutsen da launinsa da yadda yake juyawa, su kawo kalma da bayaninta, kwamiti ya tace kamar yadda ya saba. Harsunan duniya wajen 7,000 ne, ko kowanne an ba shi dutse goma 70,000 ke nan, bai kai kashi ɗaya cikin goma na masu lamba da ke zaune ba suna ba. Ni da za a bi tawa ma da an rage sa sunayen mutane masu rai gaba ɗaya, ko waye, don mai rai bai gama rubuta tarihinsa ba, amma na san wannan ba za ta karɓu ba, masana na son karrama junansu kuma LINEAR ta yi abin kirki da ta riƙa sa sunayen yaran da suka ci gasar kimiyya da malamansu.

Su mutum ukun nan na Kitt Peak dai sun riga sun yi nasu, Apophis ya zauna, da shi za a kira shi a daren 13 ga Afrilu. Wanda ya zo gabansa a layi cikin wancan rabin watan na Yuni, na 112, lambarsa 2004 MM4, na bayansa kuma 2004 MO4.